Na ci 47 a semina, kuma malamin yana cikin masu zama ranar kare kundina

Ɗalibar Aji Huɗu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba. Ina aji huɗu a wata jami'a nan Katsina, ba zan faɗi sashen ba. Akwai kwas ɗin semina mai yunit 2, ba a yi masa jarabawa, takarda za ka rubuta ka zo ka gabatar a majigi. Takarda maki 60, gabatarwa 40. Allah ya sani na sha wahala. Satin da aka ba da jingar Hajiyarmu tana kwance, ni ke kwana da ita, yayata tana Funtuwa gidan miji, ƙannena duk maza. Kwamfutar ma ta aro ce, batirinta ko minti 20 ba ya yi, sai an kawo wuta tsakar dare in tashi in yi ta bugawa. Na rubuta shafi 28. Silaid kuwa wani shagon kwamfuta wajen Ƙofar Ƙaura na kai aka tsara min guda 34, da kala da hotuna, rubutu na shigowa yana wulwulawa. Ranar gabatarwa ina kan na 13 malamin ya ƙwanƙwasa tebur da biro, wai lokaci ya cika. Sakamako ya fito, 47. Ƙawata da ta yi shafi 12 da silaid 9 fari fat ta ci 68. CGPA ɗina, wato matsakaicin makina na duk shekarun karatu, 3.52. Kuma an ce yana cikin kwamitin da zai zauna ranar kare kundinmu na kammala karatu nan da sati biyar. In kai ƙara ko in yi shiru? Wai me suke dubawa ne?

Maman Yara: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ki kwantar da hankalinki ƙanwata, rabonki ba ya hannun kowa.

Malam Na-Marusa: 'Yata, zan gaya miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Minti nawa aka ba ki? Ba ki faɗa ba, amma na san bai wuce 10 ba. Silaid 34 a minti 10, kowane ɗaya bai kai sakan 18 ba ke nan. Ko labarai kike karantawa a rediyo ba za ki iya ba. Ba awon hatsi ake yi ba da za a ce wanda ya fi cika mudu shi ya ci. Akwai wani Ba'amurke, Guy Kawasaki, da ya ce silaid 10, minti 20, girman rubutu kar ya gaza 30. Don masu neman jari ya faɗa, amma ɗalibi ma ta ishe shi. Ƙawarki ba wayo ta fi ki ba, aikin da aka ce shi ta yi.

Ɗalibar Aji Huɗu: Malam minti 10 ne. Amma fa sai da aka ci kusan minti uku majigin bai karɓi kwamfutata ba, kuma bai cire min su ba.

Ɗan Ƙofar Sauri: Ke dai kin yi sa'a da kin ga makinki. Ni sakamakona na aji biyu ɓacewa ya yi ɗungurungum, shekara guda ina sintiri ofishin jarabawa, wanga shi ce in tafi wajen wancan. Abokaina sun je bautar ƙasa sun dawo ina nan ina gadin allon sanarwa. Ƙara? Mi za ta yi miki? Wanda kika kai ƙara da wanda kika kai wa, tare suke shan shayi.

Auta: Anti ki rubuta takardar neman a sake duba aikin. Akwai tsarin, ana biyan kuɗi a ba wani malamin ya duba. Haƙƙinki ne.

Malam Na-Marusa: Kul. Takarda ana iya sake duba ta, gabatarwar fa? Wa ya ɗauke ta a bidiyo? Maki 40 sun tafi ke nan. Bari in yi miki lissafin da ya kamata ki yi kafin kuka. A tsarin maki biyar, 70 zuwa sama A ne mai 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2. Naki D ne. A ce kin tara yunit 110 a kan 3.52, jimilla kusan 387 ke nan. Ƙara 4 na wannan kwas (yunit 2 sau maki 2), raba da 112, ya ba ki 3.49. Eh, kin zame ƙasa da 3.50, iyakar digiri mai daraja ta biyu ta sama (2:1), ana faɗawa ta biyu ta ƙasa (2:2) daga nan har 2.40. Amma wannan in an ware kwas ɗin shi kaɗai ne. Kundin kammalawa galibi yunit 6 ne. Ki ci B a can, kin koma sama da 3.50. Kin tsaya kina jimamin akuya, ga sa yana shirin tsinkewa.

Ɗalibar Aji Huɗu: Na gode Malam, amma ba lissafin ne ya dame ni ba. Rashin adalcin ne. Shafi 28 fa.

Wata Lakcara: Ban san malaminki ba, kuma ba kare shi zan yi ba. Ina koyarwa a wata makarantar, bari in faɗi abin da ke faruwa idan takarda ta zo gabana. Shafin farko nake neman tambaya ɗaya: me wannan ɗalibar take son ganowa? In na kai shafi na uku ana ta "ma'anar ilimi" da "tarihin Najeriya tun 1914", raina ya fara fita. Sai in juya ƙarshe, in ɗauki sunaye uku daga cikin rubutu in nemo su a jerin manazarta. Sau da yawa biyu babu su. Sannan salon APA, wato ƙa'idar rubuta manazarta: bugu na 7 ya fito tun 2019, an daina sa garin da aka buga littafi, marubuta uku zuwa sama kuma sunan na farko kawai ake sawa da "et al.", wato "da sauransu", tun ambaton farko. Ɗalibai suna kwafo tsohon kundi daga shagon kwamfuta da tsohon salo, ana gani an gane. Mafi yawan makin kuma yana wurin da ke da kanki kika yi magana: wane ya ce kaza, wance ta saɓa masa, ni ga inda na tsaya, ga dalilina. A gabatarwa, in kin juya mana ƙeya kina karanta bango, mu ma mun iya karatu. Tambayata: me ya rubuta da jan biro a takardarki? Kuma bai ba ku takardar rabon maki ba tun farkon zango?

Ɗalibar Aji Huɗu: Anti ya rubuta "ina hujjarki?" kamar sau biyar, ya kuma ja dogon layi daga shafi 4 zuwa 11. Takardar rabon maki an ce shugaban aji ya tura a WhatsApp, lokacin wayata tana wajen gyara. Amma ai sai da aka duba min a Turnitin, manhajar gano kwafe, kashi 14 kacal ya nuna. Ban saci aikin kowa ba.

Wata Lakcara: Turnitin kamannin kalmomi yake aunawa, ba ya auna tunani. Mutum zai iya samun kashi 5 bai ce komai ba. Ki karɓi takardar nan wajen ƙawarki yau, ki ajiye ta gefen taki ki duba.

Ɗan Ƙofar Sauri: Hajiya Lakcara ku ma fa da naku. Wani shina ba ɗalibi gyara, ka gyara ka kawo, shi soke abin da shi da kansa ya ce a sa. Babi na biyu sau bakwai na buga shi, kowane bugu kuɗi.

Baban Gida: Ni shawarata ta tsofaffi ce. A samu babba a gidanku ya je ya gaishe shi, a riƙa ɗan turare. Gaisuwa ba ta ɓata komai.

Malam Na-Marusa: Alhaji, da girmanka, wannan ita ce za ta ɓata komai. Sati biyar kafin kare kundi a kai wa ɗan kwamiti turare? Ko shi bai ɗauke shi cin hanci ba, na kusa da shi zai ɗauka. Ta je ita kaɗai, lokacin ofis, ƙofa a buɗe, da takardar a hannu, ta ce Malam nuna min inda na kuskure don kar in maimaita a kundi. Kar kalmar "maki" ta fito daga bakinta. Silaid na kundin kuma 12 sun isa: matsala, manufa, hanyar bincike, sakamako a jadawali biyu ko uku, shawarwari. Ta yi da hannunta, ta gwada a gaban ƙannenta da agogo sau uku, ta sa a filas, ta kuma buga a takarda saboda wuta. Na gama magana.

Auta: Amma Malam in kowa ya yi shiru yaushe za a gyara? Minti ukun da majigi ya ci fa?

Maman Yara: Ni dai ban ga amfanin zuwa ofishinsa ita kaɗai ba. Ta tafi da ƙawarta.

Ɗalibar Aji Huɗu: Na gode muku duka. Gaskiya ba zan iya zuwa ofishinsa ba, ko a hanya na gaishe shi da ƙyar yake amsawa. Silaid ɗin kundin kuma na riga na ba mai shagon rabin kuɗi, ya ce 40 zai yi min amma zai rage wulwulawar. Babi biyar ne fa, ta yaya za su shiga 12? Auta, nawa ake biya a sake dubawar, kuma shi malamin zai san ni ce na nema?

Ɗan Ƙofar Sauri: Kahin ki sauko daga benen ya sani.