Musayar Baitoci a kan Gasar Ƙwallon Kwando ta Ƙananan Ƙasashen Turai

Malam Mai Tawada:

Assalamu alaikum. Ga baitocina a kan gasar maza da hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, take shirya wa ƙananan ƙasashen Turai. Duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon.

A Malta aka buɗe ta a 1988,
Duk bayan shekara biyu ake sake haɗuwa.

Aislan ce ta ɗauki kofin farko,
A 1990 a Wales ta sake ɗaukewa.

Daga baya ta bar ajin ƙanana ta yi gaba,
Har babbar gasar Turai ta 2015 ta kai ga shigowa.

Saboda haka ni tsani nake ɗaukar wannan gasa,
Wanda ya taka shi, burinsa ya zamo haurawa.

Abin da ya dame ni shi ne halin Andora,
Wadda tun 1998 take cin kofin nan ba ta gajiyawa.

Ta ci a 2000 da 2004, ta ci a 2012 da 2014,
Har a 2024 ta sake ci, ba ta da niyyar matsawa.

Hajiya Uwar Baitoci:

Malam, na karanta, amma akwai sauran magana,
Domin ka bar yawan jama'a, ba ka yi lissafawa.

Mutanen Andora ba su kai 100,000 ba,
Aislan ta ninka su fiye da sau huɗu in ana ƙirgawa.

Wasan nan yana son dogaye masu isa kwando,
A cikin 'yan tsiraru yaya za a samu 12 masu iyawa?

San Marino, da jama'arta ba su kai 40,000 ba,
Ta ci kofin a 2002, ka ga abin yabawa.

Idan ka tura ta ta kara da Sifen ko Faransa,
Tun kafin hutun rabin lokaci wasan yake ƙarewa.

Ɗalibin Waƙa:

Malam da Hajiya, ku ba ƙaninku dama,
Akwai gefen da ban ji kun taɓa ba a tattaunawa.

Azabaijan ta ci a 2006 da 2008,
Denmak a 2010, su kuwa mutanensu miliyoyi ne masu yawa.

Armeniya ta ci a 2016 da 2022,
Ailan a Dublin a 2021, bayan korona ta jawo ɗagewa.

Ashe ƙarfin tawaga ake dubawa wajen shiga,
Ba faɗin ƙasa ko yawan jama'a ake aunawa.

Malam Mai Tawada:

Ɗalibi, ka ƙara wa hujjata ƙarfi,
Hajiya, a bar San Marino da Jibraltar su ci gaba da fafatawa.

Amma mai miliyoyin jama'a, in ta ɗaga kofin sau biyu,
Ta wuce wasannin neman gurbi, can ne wurin gwadawa.

Andora kuwa ina nan a kan bakana,
Kofi shida ya isa hujjar ta fara yunƙurawa.