Ƙarancin barci na ƙara kitsen jini? Ina neman shawara

Abu Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 46, aikin gidan burodi nake yi. Ƙarfe uku na dare nake tashi kwaɓin fulawa, kuma ba na kwanciya sai wajen sha ɗaya. An yi mini gwajin jini, kolestarol, wato kitsen jini, ya kai 240, mummunan nau'insa da ake kira LDL kuma 165. Ni ba mai ƙiba ba ne. Likita ya rubuta mini atorvastatin, maganin rage kolestarol, sannan ya ce ƙarancin barcina na da hannu a ciki. Shin da gaske ne? In na gyara barcin, zan iya ajiye maganin? Wallahi ina tsoron shan ƙwaya har ƙarshen rayuwata.

Maman Hanif (ma'aikaciyar jinya): Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. Likitanka bai yi ƙarya ba. A 2022 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta sa barci cikin abubuwa takwas da ake auna lafiyar zuciya da su, ta ce babba na buƙatar awa 7 zuwa 9. Kai awa huɗu kake samu. An lura cewa masu gajeren barci, har ma da masu wuce ƙa'ida, sun fi fama da rikicewar kitsen jini, duk da dai binciken na nuna tafiyarsu tare ne, ba wai barcin kaɗai ke jawo shi ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙarancin barci ke shafar kitsen jini ita ce ciki. In barci ya gaza, sinadarin da ke tayar da yunwa yakan ƙaru, wanda ke sanar da ƙoshi ya ragu, sai rai ya riƙa biyawar zaƙi da maiƙo. Kai kuma kana gefen tanda tun tsakar dare, ga burodi mai zafi, ga bota, ga shayi mai kauri. Duba me kake ci tsakanin ƙarfe uku da hantsi, can ne nake zargi.

Malam Bashir (mai harhaɗa magunguna): Ɗan'uwa, don Allah kada ka ajiye maganin da kanka. Ana so jimillar kolestarol ta kasance ƙasa da 200, LDL kuma da ya haura 160 ya shiga sahun mai yawa. Yawancin kolestarol hanta ce ke ƙera shi, shi ya sa siriri ma yakan kamu, musamman in akwai gado. Ka bincika ko mahaifinka ko wani ɗan'uwanka na jini ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki tun da sauran ƙuruciyarsa, ka gaya wa likita. Maganin naka hantar yake rage wa aikin ƙera kolestarol, kuma yana daɗewa a jiki, don haka ka zaɓi lokaci ɗaya da ba za ka manta ba. In ka ji ciwon tsoka da ba ka saba ba, ka koma asibiti. Bayan kamar wata uku a sake gwaji, likita ne zai ce a rage ko a ci gaba.

Alhaji Na-Allah: Ka jiƙa tafarnuwa da lemon tsami ka riƙa sha da safe, ka huta da asibiti.

Maman Hanif: Alhaji, a yi mini afuwa, tafarnuwa a miya ba laifi, amma ba za ta maye gurbin magani a wannan matakin ba. Abin da zai taimaka shi ne wake, kuɓewa, gero da kifi, a rage man shanu, manja da kayan ciki.

Yaya Sale: Ni gadin dare nake yi, na san wannan gajiyar. Ka yi ƙoƙarin kwanciya da zarar an idar da isha'i, ko da hira za ta wuce ka. Daga tara zuwa uku awa shida ke nan, sai ka cika da ƙailula bayan azahar. Goro da kofi kuwa ka bar su daga la'asar, waya ma ta kwana nesa da shimfiɗa.

Abu Sadiq: Na gode, Allah ya saka da alheri. Babana hawan jini ya yi, zan faɗa wa likita. Sai dai ko na yi barcin ba na jin na huta, kuma uwargida ta ce ina munshari sosai, har numfashina yakan tsaya in zabura.

Maman Hanif: Malam, wannan ka sa shi a gaba cikin abin da za ka faɗa masa. Ɗaukewar numfashi a barci ciwo ne mai zaman kansa, yana tafiya da hawan jini da kitsen jini, kuma ana maganinsa. Ka tafi da uwargida ta bayyana abin da take gani, ka kuma roƙi a duba ƙwayar maƙogwaro da ake kira thyroid, don raunin aikinta ma na kawo kasala da hauhawar kolestarol.