Miyazaki, Miyamoto, Miyazawa: wai 'yan gida ɗaya ne?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na sha kunya a gaban ƙanina. Muna hirar zane-zanen Japan, na bugi ƙirji na ce ai Miyazaki ne ya ƙirƙiro Mario, tauraron wasan kwamfuta. Yaron nan ya yi ta dariya har da riƙe ciki, wai Shigeru Miyamoto ne na kamfanin Nintendo, shi kuwa Hayao Miyazaki mai Studio Ghibli ne, kamfanin fina-finan zane. Na ɗauko waya don in ƙaryata shi, ashe ni ne a ruwa. Ina cikin dubawa kuma sai ga Hidetaka Miyazaki mai wasannin kwamfuta, ga Kiichi Miyazawa da ya yi firaminista daga 1991 zuwa 1993, ga wata jaruma Rie Miyazawa. Don Allah dangi ne, ko kunnena ne ke yaudarata?

Malama Binta:
Wa alaikumus salam. Kunnenka lafiya lau. Sai a 1875 gwamnatin Japan ta zamanin Sarki Meiji ta wajabta wa kowa ya yi sunan dangi, kafin nan a hukumance galibi samurai, wato mayaƙan gargajiya, da masu sarauta ne ke da shi. To talaka da aka ce ya kawo suna, me zai duba? Abin da ke gabansa: a harshensu "yama" tsauni, "kawa" kogi, "ta" gonar shinkafa, "mura" ƙauye, "naka" tsakiya. "Miya" ɗin da ke damunka wurin bauta ne ko fada. Sai a liƙa masa wani: moto tushe, zaki tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, zawa fadama. Guntayen ba su da yawa, mutane kuwa sun haura miliyan 120, dole a yi ta karo.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Tanaka da Nakata. A rubutun Japan haruffa biyu ne, 田 da 中, an dai juya su kamar waina. Kakuei Tanaka firaminista ne a 1972, Hidetoshi Nakata kuwa ƙwallo ya buga a ƙungiyar Roma ta Italiya.

Ɗan Baiwa:
Ni tun da na fara jin Miyazaki nake jin "miya zaƙi", shi ya sa ban taɓa manta shi ba. Amma Malama, ni Kurosawa ne ya kayar da ni. Na shekara ina zaton Kiyoshi Kurosawa ɗan Akira Kurosawa ne, tunda duk daraktocin fim ne. Akira an haife shi a 1910, ya rasu a 1998, Kiyoshi kuma an haife shi a 1955. Lissafin shekaru ya zauna daram, amma ko kusa ba su haɗa jini ba.

Malama Binta:
Ai haruffan boko ne ke ɓoye mana rabin zancen. Shinzo Abe da jarumi Hiroshi Abe a wurinmu suna ɗaya ne, a rubutunsu kuwa na farko 安倍 ne, na biyu 阿部. Haka Keisuke Honda ɗan ƙwallo, 本田, da Ishiro Honda da ya ba da umarnin fim ɗin Godzilla na 1954, 本多. Akwai ma akasin haka, wanda su kansu 'yan ƙasar yake ba wa wahala: Naoto Kan da ya yi firaminista a 2010 da Yoshihide Suga da ya hau a 2020, harafi ɗaya suke rubutawa, 菅, kowa da yadda ake karanta nasa.

Ka kuma lura, su sunan dangi suke fara faɗa. In ka ga Miyazaki Hayao, mutumin nan ne dai, ba wani sabo ba.

Abban Sadiq:
Allah ya ƙara ilimi, Malama. Na rubuta Kan da Suga a takarda na sa a aljihu. Bari yaron nan ya dawo daga makaranta, yau zan ga ƙarshen iya yinsa.