Kwaɓin burodi da inji a zafin Legas: me ke sa ya yi tsami ko ya faɗa?

Daga Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu kwaɓa burodi da inji, a taimaka da awo. Kwaɓi yana tashi har ya taɓo murfi, sai ya lotsa ta tsakiya, ga warin tsami.

Daga Idi-Araba: Wa alaikumus salam Hajiya. Ya wuce tashi ne. Littafin da ke zuwa da injin don ƙasashen sanyi aka rubuta shi, shi ya sa yake cewa ruwan ɗumi. A nan ruwan firij za ki zuba, domin murzar kanta tana ɗumama kwaɓin. Ga fulawa giram 500: ruwa milimita 300, sukari babban cokali 4, madarar gari cokali 2, bota giram 40, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, yis ƙaramin cokali 1 da rabi. Ruwa a ƙasa, fulawa a kai, gishiri a gefe guda, yis a ɗan rami a saman fulawar, kada su haɗu tun kafin a fara. Injin kamfanin Panasonic dai akasin haka yake so, yis ne a ƙasa.

Daga Mile 12: Ƙari a kan na Antin Idi-Araba: a sayi sikeli. Kofi yana yaudara, wani ya danna fulawar, wani ya ɗebo sama-sama. Da damina fulawa tana shan laima, a rage ruwa cokali 2, da hunturu a mayar.

Kada kuma a rufe murfi a tafi. Bayan minti 5 zuwa 10 a leƙa. Kwaɓi mai kyau yana dunƙulewa sumul, yana zagaye bokitin injin, in kin taɓa ya ɗan kama yatsa ya saki. In yana shafe ƙasa kamar kunu, fulawa cokali ɗaya. In injin yana gurnani kwaɓin yana tsattsagewa, ruwa cokali ɗaya. A jira minti 2 kafin a sake ƙarawa, gaggawa ce ke ɓata shi.

Daga Obalende: Ba wanda ya ambaci NEPA! Zagayen kwaɓi na injin, wato murza da tashi, kusan minti 90 ne. In an ɗauke wuta bayan an gama murza, ba asara, a juye a roba, a rufe, ya tashi da kansa. In a tsakiyar murza ne, a ƙarasa da hannu. Masu sayen tokumbo kuma su duba bayan injin: na Amurka 120V ne, sai da taransifoma, in ba haka ba ƙonewa zai yi nan take.

Daga Idi-Araba: Hajiya, ba dole ki jira ƙarar injin ba. Da ya ninka biyu ki cire, ki fitar da iskar, ki naɗe a gwangwani mai bota. Minti 30 zuwa 45 ya sake tashi, sai oba a zafin digiri 180 na Celsius, minti 30 zuwa 35. Ki zare 'yar fankar da ke murza kwaɓin a ƙasan bokitin ki wanke tun kwaɓin bai bushe a gindinta ba.