Neman shawara: ta ina zan kamo labarin Lee Van Cleef?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wurin masu bin tsofaffin fina-finan Amurka, musamman iyayenmu da suka yi zamanin sinima. Ina da ɗan shiri da nake yi da Hausa a YouTube kan 'yan wasan da, kuma wannan karon na ɗauko Lee Van Cleef, mai ƙananan idanun nan da lanƙwasasshen hanci, wanda ya fito a bos a The Good, the Bad and the Ugly na 1966.

Ga inda na cije. Mutumin ya fara fim a 1952, amma bai zama tauraro ba sai 1965, lokacin da darakta Sergio Leone ya kira shi Italiya. Tsakanin nan shekara 13 ce ta ƙananan fitowa: yau yaron bos, gobe ɗan bindigar da ake harbewa, a fina-finai masu ƙaramin jari da shirye-shiryen talabijin barkatai. Abokin aikina ya ce in dunƙule wannan zangon a taƙaice in wuce zuwa Italiya, tunda can ne mutane suka san shi. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don ina ganin a waɗannan shekarun ne ya koyi sana'ar. In tsallake ne, ko in tsaya a kansu? In tsayawa zan yi, waɗanne zan kalla, kuma yaya zan yi kada shirin ya koma karanto sunayen fina-finai?

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam, Nasiru ɗana. Mu da muka kalli kaboyi a Plaza da El Dorado a Kano, yawancinmu ba mu riƙe sunansa ba, fuskar muka sani. Da ta bayyana a allo sai ka ji zaure ya ɗauki guna-guni, kowa ya san za a yi ɓarna. Ko a finafinan da shi ne ɗan wasa, ba ma sakin jiki da shi sai an kusa tashi. Abokinka yana da gaskiya a gefe ɗaya: ka buɗe da fuskar da aka sani, don mai kallo ya zauna. Amma bayan nan ka koma baya ka nuna mana daga ina ta fito. Mu kanmu ba mu san wannan ɓangaren ba, za mu so mu ji. Allah ya yi maka jagora.

Malam Idris: Nasiru, kada ka tsallake. Amma kafin ka taɓa fim ko ɗaya, ka bayyana wa mutane irin kasuwar da ya faɗo cikinta, in ba haka ba za su ɗauka rashin iyawa ne ya riƙe shi a ƙasa.

A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira ta Paramount, wadda ta sa manyan kamfanonin fim rabuwa da gidajen sinimarsu. A daidai wannan lokaci talabijin ta fara shiga gidaje, masu zuwa sinima suka ragu. Kamfanonin suka rage yawan finafinan da suke yi, suka sallami 'yan wasa da dama da a da suke kan kwantiragin shekaru ana biyansu duk mako. Wanda ya shigo sana'ar a 1952 kamar Van Cleef, ya zama kamar magini mai bin jinga, in an gama wannan gini sai ya nemi wani. Shi ya sa za ka ga sunansa a babban fim wannan watan, wata mai zuwa kuma a wanda aka harhaɗa cikin 'yan kwanaki.

Farkonsa ma abin tsayawa ne. An haife shi a 1925 a jihar New Jersey, ya yi sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya shiga wasan daɓe. A wani wasa mai yawo gari-gari furodusa Stanley Kramer ya gan shi, ya sa shi a fim ɗinsa na farko, High Noon. Labarin da ya shahara shi ne an yi masa tayin rol ɗin mataimakin sherif in zai yarda a gyara masa hanci, ya ƙi, sai Lloyd Bridges ya samu rol ɗin, shi kuma aka ba shi ɗaya daga cikin 'yan bindiga. Bai furta kalma ko ɗaya ba a fim ɗin, amma fuskarsa ce ta farko da ake gani. Ka nuna wannan buɗewar ka yi shiru, masu kallo za su gane abin da Leone ya hango daga baya.

Waɗanda zan ce ka kalla su ne Kansas City Confidential na 1952, inda yake tare da Jack Elam da Neville Brand a matsayin 'yan fashi, da The Big Combo na 1955, inda shi da Earl Holliman suke yaran bos. Na biyun nan ka kalle shi da kyau saboda aikin mai ɗaukar hoto John Alton, wanda ya mai da ƙarancin kuɗi ya zama salo: duhu da hazo da fitila ɗaya sun ɓoye duk abin da ba a iya ginawa ba. Sai It Conquered the World na Roger Corman, 1956. A nan ne aka ba shi magana mai yawa, ya fito a masanin kimiyya da ya yi amanna cewa wata halitta daga duniyar Venus za ta gyara ɗan Adam, yana magana da ita ta rediyo har ya buɗe mata hanya.

Musbahu: Malam Idris, ina tare da kai a bayanin kasuwa, amma ina jin tsoron kada Nasiru ya zuzuta abin fiye da kima. Da yawa daga cikin fitowar nan ba su da wani nauyi. A The Beast from 20,000 Fathoms na 1953 sai can ƙarshe yake bayyana, sojan da ya harbi dodon, kuma abin da ake tuna fim ɗin da shi aikin Ray Harryhausen ne, wanda ya ƙera dodon, ba shi ba. Dodon It Conquered the World kuwa, duk wanda ya gan shi yau zai san ba a kashe masa kuɗi ba. Nasiru, ka faɗi haka ƙarara. In ka ce duk abin da ya taɓa gwal ne, wanda ya je ya kalla zai daina yarda da kai.

Malam Idris: Gaskiya ne Musbahu, dodon ba abin kirki ba ne. Amma ka sake duba yadda Van Cleef yake wasa a gabansa. Bai taɓa nuna wa mai kallo cewa ya raina abin da yake yi ba. Yana gardama da abokin wasansa Peter Graves a kan makomar ɗan Adam da dukkan zuciyarsa, kamar a fim ɗin miliyoyin daloli yake. Wannan shi ne abin da nake so Nasiru ya nuna, domin ba kowane ɗan wasa ne yake iya riƙe mutuncinsa a irin wannan wuri ba.

Hajiya Rabi: Sannunku da ƙoƙari. Nasiru ƙanena, abu ɗaya zan ƙara. Ka yi hattara da ba da labarin kamar duk wanda ya jure a ƙananan finafinai ƙarshensa tauraro ne. Yawancin abokan aikinsa ba wani Leone da ya zo ya ɗauke su. Ka ɗauki Beverly Garland, wadda ta fito a matarsa a fim ɗin Corman ɗin nan. Ita ce ta ja shirin Decoy a 1957, inda ta fito a 'yar sandan ciki a New York, a zamanin da ba a saba ba wa mace jagorancin irin wannan shiri ba. Ta ci gaba da aiki a talabijin shekaru masu yawa, ta kuma riƙe otal mai ɗauke da sunanta a North Hollywood. Ba ta zama babbar tauraruwar sinima ba, amma ta ci abinci da sana'arta har tsufa. In ka ba ta ɗan wuri a shirinka, mutane za su ga yadda rayuwar ɗan wasa ta fi kasancewa a wancan zamani.

Sadiq: Ta fannin sa bidiyo: Kansas City Confidential da The Big Combo ana samunsu kyauta a shafin Internet Archive, domin haƙƙin mallakarsu ya faɗi a Amurka. Shirye-shiryen talabijin kuwa irin su Gunsmoke da Bonanza da Rawhide akwai masu su, YouTube na iya toshe maka. Ka fi dogara da hotuna marasa motsi da muryarka a wannan ɓangaren.

Nasiru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, zan buɗe yadda ka ce. Malam Idris, saura abu ɗaya da ya ɗaure mini kai. Mutumin da yake fitowa a talabijin haka a kai a kai, me ya sa ake cewa yana cikin matsi lokacin da Leone ya same shi?

Malam Idris: Abubuwa ne suka haɗu. A ƙarshen shekarun 1950 ya yi mummunan haɗarin mota da ya lalata masa gwiwa, ga shi kuwa abincinsa a kan doki yake. Ya dawo aiki, har ya fito a The Man Who Shot Liberty Valance na John Ford a 1962, nan ma a yaron bos, a bayan Lee Marvin. Amma fitowar sinima ta yi ta raguwa, ya koma yana haɗawa da zane-zane.

Talabijin kuwa, ka bambanta masu shiri da baƙi. Wajen 1959 shirye-shiryen kaboyi sun cika tashoshin Amurka, kuma kowane mako suna buƙatar sabon mugu. Wannan ya ba shi aiki a The Rifleman da Rawhide da sauransu, har da The Twilight Zone a 1961. Sai dai Clint Eastwood, da yake cikin 'yan gida a Rawhide tun 1959, yana da albashi mai ɗorewa, shi kuwa baƙo kuɗin fitowa ɗaya yake karɓa, kuma mugu galibi ba ya kai ƙarshen shirin da rai, balle a sake kiransa a rol ɗin. Ga kuma tsofaffin finafinansa ana ta haska su a talabijin ba ya samun ko sisi: yarjejeniyar da ta biyo bayan yajin aikin ƙungiyar 'yan wasa na 1960, lokacin Ronald Reagan yana shugabanta, ta tanadi kason maimaici ne kawai ga finafinan da aka yi daga 1960 zuwa gaba. Na baya, kuɗi aka zuba a dunƙule cikin asusun fansho da lafiya na ƙungiyar. Duk aikin sinimar da ya yi tsakanin 1952 da 1959 ya faɗa wancan gefen.

Da wannan bayanin sai ka shiga For a Few Dollars More, fim ɗin Leone na 1965, inda ya fito a Kanar Mortimer yana da shekara 40. Ka sa hotonsa na High Noon kusa da na Mortimer, sannan ka ci gaba da ɓangaren Italiya.