Me ya sa ake girmama kaset ɗin Bad Brains na 1982 haka?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina ganin masu rubutu kan tarihin kiɗan pank, wato wani salon rok mai gudu da tsauri, suna ɗora albam ɗin farko na ƙungiyar Bad Brains ta Amurka, wanda ya fito a kaset a 1982, a sahun gaba na zazzafan salon nan da ake kira hadko. Na saurare shi daga farko har ƙarshe, amma abin da kunnena ya kama shi ne gudu da hayaniya, ga sautin a dishe kamar an naɗe shi cikin gaggawa, sannan kwatsam sai a tsunduma cikin rege mai sanyi. Ina roƙon masana su fayyace mini abin da ya ba shi wannan daraja.

Tsohon Makaɗi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya kamata ka fara lura da shi shi ne cewa mutanen nan huɗu, wato H.R. mai rera waƙa, Dr. Know mai jita, Darryl Jenifer mai jitar bas da Earl Hudson mai ganga, ba da pank suka fara ba. A birnin Washinton sun fara ne da sunan Mind Power, suna buga jaz mai gauraye da rok, kiɗan da ba ya yiwuwa sai da ƙwarewar hannu. Da suka juya zuwa pank, sai suka shigo da wannan horo cikin salon da a lokacin yawancin masu yinsa ke alfahari da cewa ba su iya kiɗa sosai ba.

Saboda haka ina ba ka shawarar ka sake sauraron "Banned in D.C." ka ajiye muryar a gefe, ka bi ganga da bas kawai. Za ka ji yadda su huɗun suke tsayawa cak a lokaci guda, su sauya tafiya, su sassauta, sannan su sake zabura ba tare da ɗayansu ya yi tuntuɓe ba. Gudu kowa yana iya yi. Abin da ya gagari sauran ƙungiyoyi shi ne riƙe linzami a cikin wannan gudun. Wannan sassautawa ta tsakiyar waƙa kuwa ta zama ginshiƙi ga ƙungiyoyin hadko na birnin Niyok da suka biyo baya.

Dishewar sautin gaskiya ce. An naɗe shi a 1981 a wani ƙaramin ɗakin naɗar sauti mai suna 171-A a Niyok, kuma kamfanin ROIR, wanda a lokacin kaset kaɗai yake fitarwa, shi ya sake shi, da hoton tsawa tana faɗa wa ƙubbar majalisar dokokin Amurka a bangonsa.

Hajiya Mai Faifai:

Malam Tsohon Makaɗi ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin ana jingina wa kaset ɗin tasirin da ba nasa ba ne shi kaɗai. A duba shekaru: mawaƙi Ian MacKaye da abokansa sun kafa kamfanin faifai na Dischord a Washinton a 1980, ƙungiyarsa ta Minor Threat ta fitar da faifanta na farko a 1981, kuma a wannan shekarar mawaƙi Henry Rollins ya bar Washinton ya shiga ƙungiyar Black Flag, wadda ta fitar da albam ɗin Damaged a ƙarshen shekarar. MacKaye da Rollins sun sha faɗa cewa Bad Brains ce ta buɗe musu ido, amma a kan dandamali suka gan ta, tun kafin kaset ɗin ya wanzu. Abin da kaset ɗin ya yi shi ne kai wannan wuta ga matasan garuruwan da ba su taɓa ganin H.R. yana wuntsila gudi-gudi a gaban jama'a ba, kuma da yake kaset abu ne mai sauƙin kwafa, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Wanda yake son ya fahimci abin da nake nufi ya nemi bidiyon wasansu na ƙarshen 1982 a CBGB, wani gidan kiɗa a Niyok.

Ɗan Rege:

Ni batun rege nake so in taɓa, domin mai tambaya ya ambace shi kamar wani baƙo a cikin albam ɗin. Waƙoƙin rege uku ne a ciki, kuma sun samo asali ne daga rungumar aƙidar Rasta da 'yan ƙungiyar suka yi bayan sun kalli wasan Bob Marley. A ganina, in aka cire su, sauran waƙoƙin, waɗanda da yawansu ba su kai minti biyu ba, za su dunƙule su zama ƙara guda marar fasali, domin kunne yana buƙatar inda zai huta kafin a sake dukansa. Kada kuma a manta cewa baƙaƙen fata ne a fagen da fararen fata suka mamaye, kuma saƙonsu na kyautata zato da ƙarfin zuciya, wanda suka tsamo daga rubuce-rubucen Napoleon Hill, Ba'amurke mai littattafan ƙarfafa gwiwa, ya sha bamban da yanke ƙaunar da ta cika pank na wancan zamani. Adam Yauch na ƙungiyar Beastie Boys yana cikin waɗanda suka taso a ƙarƙashin inuwarsu, har daga baya ya shirya musu albam ɗin Build a Nation na 2007.

Mai Neman Sani:

Na gode muku ƙwarai. Na ga cewa sun sake naɗar da yawa daga cikin waƙoƙin a albam ɗinsu na Rock for Light na 1983, wanda mawaƙi Ric Ocasek ya shirya. Shin, Malam Tsohon Makaɗi, wanda sautin kaset ɗin ya dame shi zai iya farawa da wancan?

Tsohon Makaɗi:

Zai iya, domin sautinsa ya fi tsabta kuma ana rarrabe kowane kayan kiɗa. Amma ni na fi son ka fara da kaset ɗin na 1982, ka ƙara sautinsa sosai, sannan ka koma ga na Ocasek don ka ji abin da jita take yi a wuraren da dishewar ta rufe.