Neman kalmar Hausa: me za mu kira USB?

Mai shirin rediyo, Gusau: Assalamu alaikum malamai. Ranar Asabar zan gabatar da shiri kan kula da wayar hannu, kuma ba na son in karanto wa masu sauraro haruffa uku kawai in wuce. Wace kalma ce ta dace da USB?

Malamin lantarki, Ƙauran Namoda: Wa alaikumus salam. Haruffan sun fito ne daga Universal Serial Bus, tsarin da kamfanoni bakwai, ciki har da Intel da Microsoft da IBM, suka haɗu suka fitar a 1996, domin kafin nan kibod da maus da firinta kowanne da irin ramin da ake cusa shi a bayan kwamfuta. Kalmar farko tana nufin gama-gari, ta biyu tana nufin bayanai na wucewa ɗaya bayan ɗaya, ta ukun kuwa hanya ce da na'urori da yawa ke tarayya a kanta. Ni dai "mahaɗar gama-gari" nake ce wa ɗalibaina.

Dattijo, Argungu: Ɗana, mahaɗa ta tituna ce. Na daɗe ina cewa a kira shi "jigilau", tunda jigilar bayanai yake yi kamar yadda bas ke jigilar mutane.

Malamin lantarki: Baba, kun yi kusa, domin bas ɗin mota da wannan duk tushensu ɗaya, kalmar Latin omnibus, wato "domin kowa". Sai dai yau caji aka fi yi da shi, jigilau kuwa bai ambaci wuta ba.

Dattijo: Wutar ma ai jigilarta yake yi. Da a Kano aka ƙirƙiro kalmar da tuni kun karɓa, amma da yake daga Kabi ta fito sai ana neman aibinta.

Mai gyaran waya, Birnin Kebbi: Allah ya huci zuciyarku Baba, amma a shagona ba wanda ke tambayar ɗaya daga cikinsu. Mai neman ma'ajiyar bayanai filash yake cewa, mai neman igiyar caji ya ce kebul, wanda raminsa ya lalace kuma ya ce bakin caja.

Mai shirin rediyo: Na gode. Zan ce "yu-es-bi" yadda aka saba, in fassara shi sau ɗaya da mahaɗar gama-gari, sannan in kawo misalin bas wajen bayani.

Dattijo: To, ka ɗauki misalina ka bar kalmata. Aƙalla ka faɗa musu daga Argungu ya fito.